Burodin Kabewa Ba Tare da Obin Ba: Me Ya Sa Ƙasa Ke Ƙonewa, Tsakiya Na Ɗanye?

Tambaya: "Aiki ya kai ni da maigidana wani wuri mai nisa da gari, inda motar kaya ba ta zuwa sai sau ɗaya a wata. Babu obin, wutar lantarki ma sai ta ga dama. Abin da muke da shi a wadace shi ne kabewa. Na sha gwada gasa burodinta a tukunya, amma kullum ƙasan ya ƙone, tsakiyar kuma ta tsaya caɓal. Ina matsalar take? Kuma wai mutanen da suka daɗe suna rayuwa a irin waɗannan wurare, yaya suke gasa nasu?"

Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Matsalarki biyu ce, kuma duka ba a hannunki suke ba: ɗaya tana cikin kabewar, ɗaya tana ƙarƙashin tukunyar. Bari mu fara da kabewar, domin in ba a gyara ta ba, ko obin mafi tsada aka ba ki, tsakiyar nan ba za ta gasu ba.

Kabewa ruwa ce. In kika auna ɗanyarta, kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinta ruwa ne. Wato duk sanda kika zuba kofi ɗaya na dafaffiyar kabewa a kwaɓi, kusan kofin ruwa kika zuba, da ɗan zare da ɗan zaƙi da launi. Mafi yawan mata suna lissafa ta cikin kayan ƙarin daɗi, sai su sa madara ko ruwa yadda suka saba, sannan su ɗora kabewar a kai. Kwaɓin ya sha ruwa ninki biyu ke nan. Wuta kuma daga waje take shiga burodi a hankali, kuma muddin akwai ruwan da ya wuce kima a tsakiya, zafin wurin ba zai wuce na tafasar ruwa ba, fulawar ma ba ta isa ta shanye shi ta tsaya da ƙafarta ba. Kafin tsakiya ta nuna, ƙasa ta riga ta zama gawayi.

Ga wani abin da ke ƙara dagula lissafin: yawancin ma'aunan da ake gani a intanet daga Amurka suke, kuma su kabewar gwangwani suke amfani da ita. Kamfanin Libby's, wanda masana'antarsa ke garin Morton a jihar Illinois, wani iri ne na musamman yake nomawa mai suna Dickinson, mai tsoka da yawa, sannan a rage masa ruwa kafin a ɗura. Kofi ɗaya na wannan da kofi ɗaya na kabewar da kika tafasa a gida ba ɗaya ba ne, ko kusa.

Saboda haka kada ki ƙara tafasa kabewar gashi a cikin ruwa. Tana shan wani ruwan a kan nata, ɗan zaƙinta kuma ya bi ruwan dahuwa a zubar. Ki turara ta, ko kuma, wanda ya fi, ki gasa ta. Tsaga ta biyu, kwashe 'ya'yan da zaren ciki, kife ta a tukunya busasshiya da ɗan mai, ki rufe a wuta kaɗan har sai cokali ya shige ta ba gardama. In ƙarama ce ma kina iya binne ta ɗungurungum da ɓawonta a cikin toka mai zafi, bayan kamar awa ɗaya ki tono, ki ɓare. Wannan ta fi kowace ƙamshi. Bayan kin murƙushe ta, zuba ta a tsabtataccen ƙyalle a kan rariya, ki bar ta ta tsane na awa ɗaya ko biyu. Za ki yi mamakin ruwan da zai taru a kwano. Kada ki zubar, shi za ki yi kwaɓin yis da shi. In kina sauri, juye ta a kasko ki riƙa juyawa a wuta na minti goma har tururin ya ragu. Alamar ta yi ita ce ki tsayar da cokali a ciki ya tsaya, ko ki ja layi a tsakiya ya zauna bai haɗe ba.

Irin kabewar ma yana da tasiri. Ki ɗauke ta ki ji nauyi: wadda ta fi girmanta nauyi, mai taurin ɓawon da farce ba ya huda shi, mai tsoka ja-ja, ita ce ta gashi. Manyan nan masu faɗin ciki da siririyar tsoka, irin waɗanda Amurkawa ke sassaƙa wa fuska a ƙarshen Oktoba, ruwa da zare ne kawai. Kuma ki ɗanɗana ɗan yanki tun tana ɗanya. In kika ji ɗaci sosai, zubar da ita gaba ɗaya, domin wannan ɗacin na wani sinadari ne da 'yan gidan kabewa kan tara wani lokaci, yana sa amai da gudawa, kuma dahuwa ba ta kashe shi.

Yanzu sai wuta. Obin zafinsa ta ko'ina yake zuwa, sama da ƙasa da gefe. Tukunyar da aka ɗora a murhu kuwa ta ƙasa kawai take samu, murfin na sanyi, tururi na taruwa a jikinsa yana ɗigowa a kan kwaɓin. Maganin wannan, makiyayan shanu na cikin dajin Ostireliya da matafiyan Afirka ta Kudu da suka bazu cikin ƙasa da keken shanu duk sun same shi tuntuni: wuta a kan murfi. Ƙa'idar da masu gashi da tukunyar ƙarfe ke bi ita ce kashi biyu na garwashin a sama, kashi ɗaya a ƙasa. Na ƙasan ma ba a tara shi a tsakiya, zagaye ake yi da shi a gefe-gefe. Kuma garwashi ake nufi, wanda ya ci ya fara yin fari, ba harshen wuta ba.

Ga yadda za ki shirya. Samu tukunya mai kauri da murfi shafaffe wanda garwashi zai zauna a kai. Zuba tsabtataccen rairayi busasshe ko gishiri a gindinta, kaurin yatsa biyu, ki ɗora ƙananan duwatsu uku ko wani zoben ƙarfe, yadda kwanon gashin ba zai taɓa gindin tukunya ba. Rufe ki bar ta ta yi zafi na minti goma sha biyar kafin ki sa komai; sa kwaɓi a tukunya mai sanyi shi ne ke sa bekin foda ya gama aikinsa tun burodi bai kama jiki ba. In babu ma'aunin zafi, barbaɗa ɗan garin fulawa a murfin gwangwani ki sa a ciki. In ya yi ruwan zuma cikin kamar minti biyar, zafin ya yi daidai da na kek. In ya yi baƙi cikin minti ɗaya ko biyu, rage garwashin ƙasa. Duk minti goma zuwa sha biyar ki ɗan juya tukunyar gefe guda, murfin kuma ɗaya gefen, ba tare da kin buɗe ba, don kada wuri ɗaya ya fi cin wuta. Rabin awar farko kada ki leƙa ko kaɗan. Kwanon gashi kuma a guji wanda aka yi wa fenti ko aka shafe da tutiya, irin ƙarfen rufin ɗaki.

Akwai abu na uku da ba ki tambaya ba amma shi ne rabin amsar: siffar burodin. Dogon kwanon nan mai zurfi da ake gani a hotuna don obin aka yi shi, inda burodin kabewa kan ɗauki minti 55 zuwa 65 a zafin digiri 175 na ma'aunin Celsius. A tukunya, zurfi abokin gabarki ne. Ki baza kwaɓin a faffaɗan kwano, kada ya wuce kaurin yatsu uku, ko ki raba shi a ƙananan gwangwanaye, ko ki kafa wani ɗan gwangwani da aka shafa wa mai a tsakiyar kwanon ya zama burodi mai rami. In babu tsakiya, babu wurin da zai tsaya ɗanye. Da za ki duba burodin mutanen da suka rayu nesa da obin, a ko'ina a duniya, kusan duka shafaffe ne ko ƙarami, kuma dalilin ke nan.

Ma'aunin da nake ba masu koyo shi ne wannan. Fulawa giram 220, wato kofi ɗaya da kashi uku cikin huɗu. Bekin foda cokalin shayi ɗaya da rabi, bekin soda rabin cokali, gishiri rabin cokali, kirfa cokali ɗaya, citta rabin cokali, ɗan kanumfari kaɗan. A wani kwano daban: tsanannen kabewa giram 250, ƙwai biyu, sukari giram 150, mai mililita 100. Babu ruwa, babu madara. Ki juye busassun kan jiƙaƙƙun, ki juya har sai farin fulawa ya ɓace, ki tsaya nan. Yawan bugu yana tayar da danƙon alkama, burodin ya fito da tauri da ramuka dogaye. A faffaɗan kwano zai ɗauki minti 35 zuwa 45. Ki soka tsinke a tsakiya. In ya fito da ɗan ɓurɓushi ya yi, in ya fito da kwaɓi da saura. Mai ma'aunin zafi ta nemi digiri 93 zuwa 96 a tsakiya. Sannan kada ki yanka da zafi. Sau da yawa burodin da ake cewa ɗanye ne, gasasshe ne aka yi wa gaggawa. Yana buƙatar awa guda ya huce cikinsa ya daidaita.

Kayan ƙamshin nan kada ki raina su. Gaskiyar magana kabewa ba ta da wani ɗanɗano mai ƙarfi, abin da mutane ke kira ƙamshin burodin kabewa na kirfa da citta ne. Aikin kabewa a kwaɓi shi ne taushi, launi, da riƙe danshi. Wannan ne ma ya sa take da daraja inda kaya ke da wuyar samu: ranar da ƙwai ya yanke, cokali huɗu manya na kabewa suna maye gurbin ƙwai ɗaya a irin wannan burodin, ko da yake ba zai tashi kamar mai ƙwai ba. Tana kuma iya ɗauke rabin man. Amma kada a cire ƙwai da mai duka lokaci guda, abin da zai fito ba za ki so shi ba.

Soda da foda ba ɗaya ba ne, kuma a wuri irin naku ya kamata ki san bambancin. Soda sai ta haɗu da abu mai tsami take fitar da iskar da ke kumbura kwaɓi, kabewa kuwa tsaminta kaɗan ne ƙwarai. In soda kaɗai gare ki, ki haɗa da madarar da ta yi tsami, ko ki matsa lemun tsami cokali ɗaya babba a kan kowane rabin cokalin shayi na soda. In ba haka ba burodin zai yi ɗanɗanon sabulu. Foda kuwa da tsaminta take zuwa, sai dai danshi na kashe ta a ajiye. Kafin ki ɓata fulawar wata, zuba rabin cokali a ruwan zafi: in ta yi kumfa nan take tana da rai, in ta kwanta shiru ta mutu.

In burodin yis kike so, na yanka a sha shayi, lissafin ruwan ne dai. Fulawa giram 500 takan sha ruwa kamar giram 320. In kika sa kabewa giram 200, ta riga ta kawo wajen giram 170, saura 150 kawai za ki ƙara, shi ma a hankali kina murzawa kina ji. Yis giram 7, gishiri giram 9, mai cokali biyu manya. Kada kabewar ta wuce kashi 40 cikin 100 na nauyin fulawa, domin ita ba ta da danƙon da ke riƙe iska, in ta yi yawa burodin ba zai iya ɗaga kansa ba. Kirfa kuma in ta yi yawa tana rage wa yis kuzari, gara a barbaɗa ta a tsakiya a naɗe.

To, mu koma kan mutanen nesa da kika tambaya. Ita kanta kabewa 'yar nahiyar Amurka ce. An tono 'ya'yanta da aka noma a kogon Guilá Naquitz da ke yankin Oaxaca na Meziko, waɗanda suka kai kusan shekara 10,000, wato ta riga masara shiga gona. Abin da ya sa ta bi mutane har ƙarshen duniya shi ne ajiya: kayan lambu kaɗan ne za su yi wata uku zuwa shida a ɗaki ba firij ba gishiri. A da, ƙabilar Hidatsa ta yankin kogin Missouri yanka ta suke yi fale-fale, su tsire a sanda su shanya, su adana har lokacin sanyi. Wasu ƙabilun filayen tsakiyar Amurka ma saƙa busassun tsirin suke yi kamar tabarma don sauƙin ɗauka. Turawan da suka zauna a gabashin ƙasar sun tarar alkama ba ta yi musu kyau, sai suka koma garin masara suna cuɗa shi da dafaffiyar kabewa don ya yi taushi ya kuma yi auki. Littafin girki na farko da 'yar Amurka ta rubuta, na Amelia Simmons a 1796, yana ɗauke da ma'aunin gashin kabewa da madara da ƙwai, haka kuma a ciki aka ga amfani da wani gishiri da ake tacewa daga tokar itace don tayar da kwaɓi, tun kafin a san bekin foda. Ita fodar sai a 1843 wani mai haɗa magunguna a Ingila, Alfred Bird, ya haɗa ta saboda matarsa ba ta iya cin yis.

A ganina, babu waɗanda halinsu ya fi kama da naki kamar mutanen cikin dajin Ostireliya. Ma'aikacin gonar tumaki ko shanu a ƙarni na 19 rabonsa na mako sananne ne: laba goma na fulawa, laba goma na nama, laba biyu na sukari, da kwatan laba na ganyen shayi. Daga wannan fulawar ya fito da burodin da suke kira damper: fulawa, gishiri, ruwa, a mulmula a baje, a buɗe tokar wuta a binne, bayan rabin awa a tono a kaɗe, a ƙwanƙwasa a ji yana amo. Daga baya soda da foda suka shiga, sannan tukunyar ƙarfe mai murfi. Har ma akwai wata tukunya da ta ci sunan garin Bedourie na yammacin Queensland, wadda aka ƙera da ƙarfe mai lanƙwasuwa saboda ta zubi kan fashe in ta faɗo daga bayan doki. Kabewa kuwa, musamman irin nan mai shuɗin ɓawo da ake kira Queensland Blue, tana tsira a gefen kowace rijiya ta kuma jure ajiya, sai ta shige cikin damper da ƙananan dunƙulen burodin shayi. Flo Bjelke-Petersen, matar tsohon firimiyan jihar wadda ita ma ta yi sanata daga 1981 zuwa 1993, har yau 'yan ƙasar sun fi tuna ta da dunƙulen kabewarta fiye da siyasarta.

Ki gwada nasu, don shi ne ya fi dacewa da tukunya: fulawa kofi uku, foda cokalin shayi biyar, gishiri cokali ɗaya, bota ko mai cokali biyu manya a murtsuke cikin garin da yatsu, kabewa kofi ɗaya, sai madara kaɗan-kaɗan har ya haɗu. Ba a murza shi. A tara shi, a danna ya yi faɗi kaurin yatsu uku, a tsaga samansa da wuƙa gicciye don zafi ya shiga, a gasa minti 30 zuwa 35. Ba ya son kwana. A ci da ɗumi.

Can tsakiyar tekun Pasifik akwai tsibirin Pitcairn, inda 'yan tawayen wani jirgin ruwan Birtaniya mai suna Bounty da matan Tahiti suka sauka a 1790, wanda mazaunansa yau ba su wuce hamsin ba kuma babu filin jirgin sama. Su alkama baƙuwa ce, sai jirgin kaya ya zo. Abincinsu na gado, pilhi, ba ya buƙatar fulawa sosai: a kankare dankali ko ayaba ko kabewa, a naɗe a ganyen ayaba, a gasa a tanderun dutse. Ganyen na kare shi daga ƙuna yana kuma riƙe tururi. Da aka kwashe su zuwa tsibirin Norfolk a 1856 sun tafi da wannan girkin, can kuma masu farautar kifin whale 'yan Amurka suka koya musu bikin godiya na watan Nuwamba da kek ɗin kabewarsa, kuma har yanzu suna yi.

Mutanen Aislan nasu ya fi ban mamaki, amma darasinsa mai sauƙi ne. Itacen wuta ya yi musu ƙaranci, ƙasarsu kuma cike take da maɓuɓɓugan ruwan zafi. Sai su zuba kwaɓin hatsin rai, wani ɗan'uwan alkama mai jure sanyi, a tukunya su rufe ruf, su binne a ƙasa mai zafi kusa da maɓuɓɓuga, kamar yadda ake yi har yau a Laugarvatn, bayan awa 24 su tono. Zafin wurin bai wuce na tafasar ruwa ba, burodin ya fito baƙi-baƙi, mai zaƙi, ba ɓawo. Wato burodi yana nuna a digiri 100 in aka ba shi lokaci, kuma a wannan zafin ba ya ƙonewa. Mutanen birnin Boston na Amurka ma da turara burodin masara da hatsin rai a gwangwani suka shahara. In garwashi ya gagare ki, ɗauki wannan hanyar: shafa wa gwangwani mai, cika shi kashi biyu cikin uku da kwaɓin farkon nan, rufe bakinsa da takardar gashi ki ɗaure, tsayar da shi a tukunyar ruwa mai tafasa a hankali har rabin tsayinsa, ki rufe na awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kina ƙara ruwan zafi in ya ja. Ba zai yi ɓawo mai ƙaras-ƙaras ba, amma ƙuna kam kin rabu da ita.

Batun yis a wurin da mota ke zuwa sau ɗaya a wata, masu haƙar zinari na Klondike a arewacin Kanada sun riga ki shan wannan wahalar. Bayan gano zinarin a 1896, hukumomin Kanada ba sa barin mutum ya shiga sai da guzurin shekara guda, kusan tan ɗaya, fulawa ce kaso babba a ciki. Yis na saye babu, don haka kowa da ɗan kwaɓinsa mai tsami da yake raya shi, wasu har cikin riga suke kwana da shi. Sanyi ba ya kashe shi, kwantar da shi kawai yake yi, amma mai son burodi da safe ba zai jira ya farfaɗo ba. 'Yan ƙabilar Māori ta Nuzilan da ruwan dafaffen dankalin turawa suke tayar da nasu. Ke ma za ki iya: fulawa da ruwa nauyi ɗaya a kwalba, kullum ki zubar da rabi ki ƙara sabo, cikin mako ɗaya zuwa biyu zai fara ninka kansa bayan ciyarwa. In wurinku da zafi, ki ciyar da shi safe da yamma, ki kuma rage masa ruwa ya yi tauri, hakan na rage masa gudu.

Akwai kuma waɗanda suka warware matsalar ta hanyar rage yawan gashin. A da, a yammacin Finlan sau biyu a shekara ake gasa burodin hatsin rai, shafaffe mai huji a tsakiya, a zura a sanda a rataye kusa da rufi. A wasu ƙauyukan tsaunukan Alps na Suwizalan da Faransa ma, a da tanderun gari ɗaya ne, ana hura shi sau biyu ko uku a shekara, wani wurin ma sau ɗaya, burodin ya bushe har sai da wuƙa ta musamman ake datsa shi a jiƙa a miya. Burodin kabewa kishiyar wannan ne. Danshin da ke sa shi daɗi shi ne ke kiran fumfuna, a wuri mai zafi kwana biyu zuwa uku ya lalace, musamman in an ƙulle shi a leda. Ki naɗe shi a ƙyalle. In kuma kin gasa da yawa, bi hanyar matan Afirka ta Kudu da suke yi wa matafiya busasshen burodin da ake kira beskuit: yanka shi tsiri-tsiri, ki mayar tukunya a ƙaramin zafi da murfin a ɗan buɗe har ya bushe ƙaƙas. Wannan zai yi makonni a rufaffen gwangwani, ana tsomawa a shayi.

Gargaɗi biyu, kuma da gaske nake. Duk gashin kabewar da ya zama mai ruwa-ruwa da ƙwai da madara, irin wanda ake zubawa a kan ɓawon fulawa, kada ya wuce awa biyu a waje in ba firij. A naku yanayin ki yi shi daidai cin zama ɗaya. Na biyu, kada ki ɗura markaɗaɗɗiyar kabewa a kwalba ki rufe da nufin ajiya, ko da kin tafasa kwalbar. Rashin tsaminta da kaurinta na ba wata ƙwayar cuta mai sa gubar abinci da ke shanye jiki damar rayuwa a ciki, kuma ba wari ba alama. Hukumar noma ta Amurka ma ta yi gargaɗin kada a yi haka a gida ko da tukunyar matsin tururi.

Ajiyar da ta dace ita ce a bar ta yadda Allah ya yi ta. A cire ta da ƙututturen kanta, kamar tsawon yatsa, kada a ɗauke ta da shi don in ya ɓalle ta nan ruɓa ke shiga. A bar ta wuri mai ɗumi da iska na kwana goma ɓawon ya ƙara tauri, kamar yadda manoman yankin Karoo na Afirka ta Kudu ke jera fararen kabewarsu a kan rufin ɗaki. Sannan a kai ta inuwa mafi sanyi a gidan, a kan katako ko ciyawa, ba a kan siminti ba, kada ɗaya ta taɓa ɗaya. Digiri 10 zuwa 15 ya fi mata. In wurinku ya fi haka zafi ba za ta kai wata shida ba, don haka ki riƙa dubawa duk mako, wadda ta fara laushi a fara da ita. Bayan 'yan makonni a ajiye takan ƙara zaƙi, domin sitacin cikinta na juyewa sukari. Wadda kuma kika tsaga ba ki ƙarar ba, yanka ta fale-fale ki shanya har ta riƙa karyewa, ki daka ki tankaɗe. Cokali uku manya na wannan garin a kowane kofin fulawa suna ba da launi da ɗanɗano ba tare da ɗigon ruwa ba, sai ki sa madara ko ruwa gwargwadon yadda kwaɓin ya nema.

Ba ki faɗi ko wurin naku kan tsauni yake ba. In ya haura mita 1,000, iska ba ta da nauyi, kwaɓi na saurin tashi ya faɗi, ruwa kuma na tafasa ƙasa da digiri 100. A mita 3,000 wajen digiri 90 yake tafasa. A nan sai ki rage foda da soda da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ki ɗan rage sukari, ki bar kabewar da ɗan ruwanta fiye da yadda na ce, turarawar gwangwani kuma ki ƙara mata rabin awa.